Sabunta Fentin Tsohon Kwale-kwale a Katsina: Sharhi a Kan Fentin, Shagon da Mai Aikin

Jihar Katsina ba ta da teku, kuma ba ta da babban kogi irin Kwara ko Binuwai, amma tana da madatsun ruwa waɗanda jama'a masu yawa ke neman abinci a cikinsu. Akwai Zobe a Dutsin-Ma, da Jibiya, da Ajiwa kusa da birnin Katsina, da Mairuwa a wajen Funtuwa, sannan ga Sabke da Daberam a ƙasar Daura. Kowace daga cikinsu tana da masunta, kuma bayan koma babu abin da masunci yake zuba wa jari kamar kwale-kwalensa. Matsalar tana tasowa ne idan lokacin sabunta fenti ya zo, domin masu fentinmu ko dai na gidaje ne ko na motoci, shagunan kuma an cika su da kayan da za a shafa wa bango da ƙofa da taga. Mai jirgi a nan yakan ƙare da ɗaya daga cikin abu biyu: ko ya sayi fentin mai na gida ya shafa, bayan damina ɗaya ya ga yana ɓarewa, ko kuma a tallata masa gwangwani mai hoton babban jirgin teku a jikinsa, ya biya kuɗi mai yawa a kan abin da ba a yi shi domin irin ruwanmu ba. Mun yi wannan aiki a kan kwale-kwalen kawuna da ke su a Ajiwa, kuma yanzu da damina da hunturu suka wuce a kansa, ina ganin an samu abin da za a iya yin hukunci da shi.

Jirgin na katako ne, tsawonsa kimanin mita 7, allunan madaci ne aka jera aka buga wa haƙarƙari da ƙusa, irin ƙirar da kafintocin wajen Yawuri suka shahara da ita. Ya daɗe yana aiki, kuma duk wanda ya riƙe shi ya shafa masa abin da ya samu. Da aka kife shi a bakin ruwa muka kankare wani wuri da wuƙa, sai ga shuɗi a sama, kore a ƙarƙashinsa, wani ja-ja a can ƙasa, kuma duk mahaɗar alluna cike take da tsohuwar kwalta wadda ta bushe ta tsattsage. Ƙasan ya yi santsi da gansakuka. Bakin jirgin kuwa, inda rana ke duka kullum kuma ake jan koma a kai, babu sauran fenti ko kaɗan, katakon ya yi fari-fari ya dare bisa tsawonsa har farce na iya shiga.

Shagon da muka je yana cikin birni, kuma yana daga cikin 'yan kaɗan da ke ajiye fentin masana'antu, saboda 'yan kwangila masu aikin tankunan ruwa da gadoji suna saye a wurinsa. Manyan sunayen da aka sani a wannan fanni a duniya su ne Jotun na ƙasar Nowe, da Hempel na Danmak, da International, a gida kuma akwai kamfanoni irin su Berger da CAP masu sayar da fentin kariya na ƙarfe da na jiragen ruwa, amma duk kasuwarsu ta fi ƙarfi a Legas da Fatakwal da Warri, inda jiragen suke. Abin da ke isowa Katsina yakan biyo ta Kano ne, kaɗan-kaɗan, kuma ba kullum ake samun cikakken jeri daga kamfani ɗaya ba. A ranar da muka je an nuna mana iri uku. Akwai mai gwangwani biyu, wato efoksi, wanda ake haɗa shi da ruwan da ke sa shi ya daskare, abin da masu fentin mota ke kira hadina. Akwai fentin ƙasan jirgi mai guba wanda ke hana halittun ruwa maƙalewa. Sai kuma mai gwangwani ɗaya, fentin mai na jirgi, wanda iska ce ke busar da shi.

Yaron shago bai ɓata lokaci ba ya tura mana na biyun, wato mai gubar, yana cewa shi ne ainihin fentin jirgi kuma shi manyan kamfanoni ke saye. Maganarsa gaskiya ce idan ana zancen tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, amma ba ta da amfani a Ajiwa, kuma a nan ne nake ganin mafi yawan masu saye za su iya yin asara. An ƙirƙiri wannan fenti ne domin ruwan gishiri, inda wasu ƙananan halittu masu ɓawo ke manne wa jirgi su yi masa nauyi su rage masa gudu, kuma inda wata tsutsar teku ke huda katako ta cinye shi daga ciki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a madatsunmu. Abin da ke kama ƙasan jirgi a nan gansakuka ce da yauƙi, kuma burushi mai ƙarfi da bokitin ruwa sun ishe su. Yadda fentin yake aiki shi ne yana sakin sinadarin tagulla a hankali cikin ruwan da ke kewaye da jirgin, tagulla kuwa guba ce ga kifi, musamman ƙanana. A teku ruwan yana da yawa kuma yana motsi. Madatsa rufaffen wuri ne wanda ke ja da baya sosai a bazara, a cikinsa karfasa da tarwaɗa suke hayayyafa, shanu suna sha, kuma Ajiwa ita ce ke shayar da wani babban ɓangare na birnin Katsina. Ban ga hujjar da masunci zai sayi guba da tsada ya kai ta inda abincinsa yake ba.

Akwai wani haɗarin da ya fi wannan, wanda ya kamata duk mai saye ya sani. Kafin tagulla ta sake mamaye kasuwa, ana amfani da wani sinadari mai suna TBT, wanda ya yi ɓarna ƙwarai a gonakin kawa, wata halittar teku mai ɓawo da ake ci, na gaɓar tekun Faransa har ƙasar ta hana shafa shi a kan ƙananan jirage a 1982. Daga baya hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hedkwata a Landan, ta amince da yarjejeniyar haramta shi a 2001, yarjejeniyar kuma ta fara aiki a 2008. Saboda haka gwangwanin fentin ƙasan jirgi wanda takardar jikinsa ta goge, ko wanda aka juye a wani mazubi ana sayarwa da araha a matsayin ragowar kwangila, abin gudu ne ko da kyauta aka bayar. Haka kuma mai jirgin alminiyam kada ya kusanci mai tagulla, domin haɗuwar ƙarafan biyu a cikin ruwa tana cinye alminiyam ɗin har ya huje.

Efoksin ne ya fi jan hankalina, kuma shi ne ya fi wahalar bari. Babu musu cewa ya fi sauran ƙarfi da hana ruwa shiga, kuma a kan ƙarfe ko faiba, wato abin nan mai kama da roba mai tauri da ake ƙera jirage da shi, babu kamarsa. Amma jirgin alluna abu ne mai motsi. Idan yana cikin ruwa katakon yana sha ya kumbura, mahaɗai su matse, idan kuma aka fitar da shi a hunturu, lokacin da iskar Katsina ke bushewa ƙayau, sai kowane allo ya tsuke, mahaɗai su buɗe. Efoksi idan ya daskare ba ya bin wannan motsi. Yakan tsage daidai kan mahaɗa, ruwa ya shiga ta tsagar ya kwanta a bayansa ba tare da hanyar fita ba, katakon ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali daga waje fentin yana ƙyalli. Duk wanda ya ga abin da shafen siminti ke yi wa katangar ƙasa ya san wannan labari: shekarar farko sai sha'awa, daga baya sai shafen ya ɓalle falle-falle ya bar laka jiƙe a ciki. Ga shi kuma ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri ruɓar da katako, domin gishiri yana hana naman gwarin da ke jawo ruɓa yaɗuwa, don haka kuskuren da jirgin Legas zai jure, namu ba zai jure ba. Ƙari a kan haka, efoksi ba ya zama a kan tsohon fentin mai ko kwalta. Sinadarin da ke cikinsa yana narkar da na ƙasa ya tattare shi, sai an kankare jirgin tas har ainihin katako, kuma katakon da ya sha kwalta shekaru ba ya komawa tas.

A nan ne mai shagon ya burge ni. Da ya fito ya ji abin da yaronsa yake faɗa, sai ya tambayi kawu ko jirgin na katako ne ko na roba, ko kwana yake a ruwa ko ana jawo shi tudu, da kuma abin da aka shafa masa a baya. Da ya ji amsa sai ya ce, “Baba, kada ka sayi mai tsadar nan, ba zai yi maka aiki ba.” Ya koya mana gwajin da ya kamata kowa ya yi kafin ya kashe kuɗi: a jiƙa tsumma da tina mai ƙarfi a ɗora a kan tsohon fenti na 'yan mintoci, idan ya yi laushi ko ya tattare to mai gwangwani ɗaya ne, kuma sai irinsa za a ɗora masa. Ɗan kasuwar da zai hana ka sayen kayansa mafi tsada ba kullum ake samunsa ba, kuma wannan kaɗai ya isa in koma wurinsa.

Duk da haka shagon yana da nasa aibi, kuma ba ƙanana ba ne. Rufin kwano ne babu silin, gwangwanaye suna jere har kusa da rufi, a garin da zafin watan Afrilu ke kaiwa digiri 40. Fenti ba ya son irin wannan ajiya. Daga cikin gwangwanayen da aka sauko mana da su akwai wanda ranar yinsa ta goge, da aka buɗe kuma sai ga fata mai kauri a sama da dunƙule a ƙasa wanda sanda ba ta iya motsawa. An canja mana ba tare da gardama ba, amma da ba mu nace a buɗe a gabanmu ba, da sai a bakin ruwa za mu gani. Babu takardar bayanin kamfani ko ɗaya a shagon, wato wadda ke faɗin yawan tinar da za a zuba, da tsawon jira tsakanin shafi da shafi, da murabba'in mita nawa lita ɗaya ke rufewa, sai da muka nemo ta a intanet ta waya. Shafin farko mai ruwan azurfa da muke buƙata babu shi, aka ce za a kawo daga Kano, alƙawarin kuma ya ɗaga fiye da sau ɗaya. Sannan tinar da yaron ya haɗa mana a leda ta fentin mota ce, wadda ta fi ƙarfin fentin mai, sai da muka mayar aka ba mu farar tinar da ta dace.

Abin da muka tsayar a ƙarshe tsari ne mai hawa biyu. Daga layin ruwa, wato iyakar inda ruwa ke kaiwa a jikin jirgi, zuwa sama, ciki da waje, an fara da shafin farkon nan mai ruwan azurfa, wato mai garin alminiyam, wanda amfaninsa biyu ne: yana toshe ƙofofin katako, kuma yana hana tsohuwar kwalta ɓullowa ta ɓata farin fenti da rawaya. A kansa aka yi andakot, wato shafin tsakiya, sannan shafi biyu na fentin mai na jirgi. Bambancin wannan da fentin mai na gida shi ne an ƙara masa abin da ke jure hasken rana, kuma yana da ɗan taushi ko bayan ya bushe, don haka yana bin katako idan ya motsa. Amma fentin mai kowane iri ne ba a yi shi domin ya zauna cikin ruwa dare da rana ba, yakan yi laushi ya yi ƙuraje. Saboda haka ƙasan jirgin, wanda dama ya riga ya sha kwalta, muka mayar masa da baƙin fentin kwalta irin wanda ake shafa wa tankunan ruwa. A nan ma akwai abin lura, domin kwalta iri biyu ce. Akwai wadda ake samu daga ɗanyen mai, akwai kuma ta gawayin kwal, wadda ke ɗauke da sinadarai masu jawo ciwon daji kuma bai kamata ta taɓa ruwan sha ba. A ido duk baƙaƙe ne, takardar jikin gwangwani ce kaɗai ke rabewa.

Lissafin yawan fenti ba shi da wuya idan an zauna an yi shi. Jirgi mai tsawon mita 7, idan aka auna shi da igiya daga baki zuwa baki ta ƙarƙashi aka samu kusan mita 2 a tsakiya, bayansa bai wuce murabba'in mita 14 ba, cikinsa kuma ya ɗan fi haka saboda haƙarƙari da kujeru. Lita ɗaya ta fentin mai takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a kan wuri mai santsi, tsohon katako busasshe kuma yana shanye shafin farko fiye da haka. Galan ɗaya mai lita 4 ya ishe mu shafi biyu na sama har da ragowa. Idan aka haɗa kuɗin komai, ya fi na fentin gida nesa ba kusa ba, amma bai kai abin da efoksi da hadinarsa da fentin da dole a rufe shi da shi za su ci ba, tun da efoksi ba ya jure rana, yakan yi gari kamar alli idan ba a ɗora masa wani a sama ba.

Mai aikin da muka ɗauka mai fentin mota ne wanda ya daɗe a sana'ar, kuma hukuncina a kansa ya rabu biyu. Wajen shirya jiki ban taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba. Ya bi jirgin da makankara allo bayan allo, ya cire duk abin da ya saki, ya bar abin da ya kama da kyau, sannan ya bi da samfefa mai lamba 80, ya koma 120, ya rage kaifin gefen tsohon fenti yadda hannu ba zai ji tudu ba. Da muka gaya masa cewa jan fentin can na ƙasa yana iya kasancewa mai dalma ne, irin wanda ake shafa wa jirage da ƙarafa a da, bai yi gardama ba, ya koma gogewa da ruwa domin kada ƙura ta tashi, ya shimfiɗa buhuna a ƙasa ya tattare tarkacen. Mutanen arewa ba sa buƙatar dogon bayani a kan gubar dalma tun bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Shi ne kuma ya gano, da tsinin sukundireba, cewa allo ɗaya kusa da gindin jirgin ya yi laushi kamar soso a ƙarƙashin fenti mai kyan gani. Aka kira kafinta ya cire ya sa sabo, ya sauya ƙusoshin da suka yi tsatsa, ya cusa auduga a mahaɗai ya bi da kwalta. Fenti ba ya gyara ruɓaɓɓen katako, ɓoye shi kawai yake yi, kuma a jirgin da mutum zai shiga tsakiyar ruwa da shi wannan magana ce ta rai.

Inda muka saɓa da shi duk a kan al'adun garejin mota ne da ya so ya kawo bakin ruwa. Ya zo da fila yana son ya cike tsagogin bakin jirgin ya goge su yi sumul. Kawu ya hana, ya ce masa, “Malam, wannan ba bodin mota ba ne, katako numfashi yake.” Kawu ne ke da gaskiya, domin filar mota tana shan ruwa kuma ba ta lanƙwasa, da zarar allo ya motsa sai ta faɗo gaba ɗaya. Ya so ya fesa shafin farko da inji, alhali a kan katako burushi ne ke tura fenti cikin ƙofofi da tsagogi, feshi kuwa a sama yake kwanciya. Wannan ma ya yarda bayan an ja. Abin da ba mu iya hana shi ba sai da ya auku shi ne gaggawa. Fentin mota yana bushewa cikin mintoci, shi kuwa fentin mai yana son ya kwana kafin a ƙara masa wani. Wata rana da ba mu nan ya ga gefen hagu ya bushe a taɓawa, sai ya ɗora shafi na biyu da azahar, rana tana dukan katakon, kuma ya yi shi da kauri. Sama ta bushe, ƙasa tana ɗanye, washegari wurin ya tattare ya yi yamutsa-yamutsa mai faɗin kusan tabarmar salla. Ya amsa laifinsa, ya jira ya yi tauri, ya goge ya sake ba tare da ya nemi ƙari ba, amma fentin da aka ɓata namu ne, kuma har yau idan rana ta faɗo a kaikaice ana ganin iyakar gyaran. Na kuma kama yaronsa zai wanke burushi da tina a gefen ruwa, abin da ya sa muka mayar da duk wanke-wanke can tudu cikin bokiti.

Lokacin da aka yi aikin yana da muhimmanci kamar fentin kansa, kuma a Katsina tagar ba ta da faɗi. A damina katako ba ya bushewa yadda ake so, ana kuwa son danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100 kafin a rufe shi. A tsakiyar hunturu ƙura ce ke sauka a kan ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar an barbaɗa masa gari, sannan alluna sun tsuke iyakar tsukewa, idan aka cika mahaɗai da yawa a wannan hali to ranar da jirgin ya koma ruwa ya kumbura zai tofar da abin da aka cusa. A bazara kuma zafi ne ke busar da fenti a bakin burushi kafin ya kwanta. Mun yi namu da kaka, bayan ɗaukewar ruwa kuma kafin hazo ya yi ƙarfi, a ƙarƙashin rumfar zana, ana farawa da hantsi bayan raɓa ta bushe, domin bakin madatsa yana yin raɓa ko da cikin gari babu, a tsaya kafin azahar. Launin ma da gangan muka zaɓa. Kawu ya so shuɗi mai duhu irin na da, amma launi mai duhu yana tara zafi ya ƙara wa katako tsagewa, sai muka yi fari a waje da ruwan toka mai haske a ciki, aka ja masa shuɗin layi ɗaya a baki domin ya gane jirginsa daga nesa. A inda ake tsayawa a jefa koma an barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi a kan ɗanyen shafi sannan aka rufe da na ƙarshe, domin sabon fentin mai idan ya jiƙe santsinsa yana iya kayar da mutum.

Yanzu ga abin da ido ya gani bayan jirgin ya sha hunturu da bazara da damina. Farin gefe bai ɓare ko'ina ba. Ƙyallinsa ya ragu, musamman ɓangaren da ke fuskantar rana a inda ake ɗaure shi, amma idan aka wanke yana dawowa da haskensa. A kan mahaɗan alluna akwai siraran tsagogi irin na gashi, waɗanda dama an san za su zo, kuma gyaransu goga kaɗan ne da shafi ɗaya, abin da kawu zai yi da kansa da yamma ɗaya ba tare da neman mai fenti ba. Wannan sauƙin gyara, a ganina, shi ne babbar fa'idar mai gwangwani ɗaya ga mutumin da ke nesa da gari, tun da ba ya buƙatar awo ko haɗi, ragowar kuma tana ajiyuwa idan an rufe ta da kyau an sa a inuwa, saɓanin efoksi wanda da zarar an haɗa shi sai a yi amfani da shi nan take, a zafinmu ma yakan daskare a cikin kwano tun kafin lokacin da kamfani ya rubuta, domin lissafinsu na yanayi mai sanyi ne. Ruwan da ake kwarfewa daga cikin jirgi kowace safiya ya ragu sosai, ko da yake rabin yabon na kafinta ne.

Fentin kwaltar ƙasa shi ne wanda ban gamsu da shi gaba ɗaya ba. Cikin ruwa yana aikinsa, babu ƙuraje babu ɓarewa, gansakuka kuma tana fita da burushi. Amma idan aka kife jirgin a rana, baƙin yana ɗaukar zafi har ya yi laushi, yashi ya manne masa, kuma inda ake jan jirgin a kan tsakuwa ya goge har katako ya leƙo. Dole ne a riƙa sabunta shi duk shekara, a kuma daina barin jirgin a kife ba rumfa. Wanda jirginsa sabo ne bai taɓa shan kwalta ba, zai fi masa kyau ya nemi shafin ƙarƙashin ruwa mai gwangwani ɗaya wanda babu kwalta a cikinsa ya yi masa hawa da yawa, idan har zai jure jiran a kawo masa daga Kano ko Legas.

Kada a ɗauka cewa hukuncin nan ya hau kan kowane jirgi. A gefenmu akwai mai jirgin faiba da injin a baya, wanda ya goge nasa ya yi masa efoksi a ƙasa da wani fenti mai gwangwani biyu da ake kira foliyuretan a sama, kuma nasa ya fi namu ƙyalli da tauri ba tare da ko tsaga ɗaya ba, domin faiba ba ta kumbura ba ta tsukewa. Jirgin ƙarfe ma haka yake so, bayan an cire tsatsa har farin ƙarfe ya fito. Sai dai hadinar foliyuretan tana da illa ga huhu idan aka fesa ta, kuma ƙyallen da masu fentinmu ke ɗaurawa a hanci ba ya tare ta, don haka gara a shafa da rola a fili inda iska ke kaɗawa.

Ban da ƙasan, wuri ɗaya ne a jirgin kawu da duk abin da muka yi bai hana shi lalacewa ba, wato bakin dama inda ake jawo koma. Igiya da dalmar koma sun cinye fentin har andakot tun kafin damina ta tsaya, kuma babu irin fentin da ke shagon nan da zai jure wannan goga. Kafinta ya ba da shawarar a tsaga tsohon tiyo mai kauri a kifa shi a kan bakin a buga da ƙusoshin da ba sa tsatsa, bayan an sake shafa wa katakon da ke ƙarƙashi fenti ya bushe sosai, kuma shi ne aikin da za a yi da kakar bana tare da sabunta kwaltar ƙasa.